Kuɗin zaman gida na lokacin korona a Amurka: bashi ne ko kyauta?

"Assalamu alaikum. Yayana direban tasi ne a Amurka. Lokacin korona ya yi wata da watanni bai fita aiki ba, amma ya ce gwamnati tana biyansa duk mako, har abin da yake turo wa Inna ya fi na da. Yanzu kuma ya ce an aiko masa da wasiƙa wai ya mayar da kaso mai yawa na kuɗin. Hankalin gidanmu ya tashi. Shin dama bashi suka ba shi? In ba bashi ba ne, don me za a ce ya biya? Kuma me ya hana a yi mana irin wannan a Najeriya, mu da aka kulle a gida babu ko sisi?" Wata mai karatu daga Kano.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya kwantar da hankalin Inna da na sauran 'yan gida. Kina so ki san ko wane irin kuɗi ne wannan, da dalilin da ya sa aka waiwayo shi bayan an ci an sha an wanke hannu, da kuma abin da ya hana a yi a gida. Bari in fara da abin da zai rage miki fargaba. Ba bashi ba ne, babu inda yayanki ya sa hannu cewa zai biya. Amma kuma ba irin kyautar nan ba ce da in an miƙa maka shi ke nan an wuce wurin. Kuɗin inshorar rashin aiki ne, haƙƙi ne da ake bayarwa bisa sharuɗɗa, kuma hukuma tana da ikon dawowa daga baya ta ce ta duba, ba ka cika sharaɗi kaza ba, ko an ba ka fiye da rabonka.

Ni sana'ata cike wa mutane takardun haraji ce a birnin Niyok. Yawancin masu zuwa wurina direbobi ne, da masu kitso, da masu kula da tsofaffi a gidajensu, mutanenmu na Ghana da Nijar da Najeriya. A 2020 aikin haraji ya koma gefe, muka wuni muna taya mutane neman wannan kuɗi ta waya. Ni ba lauya ba ne, ban ga wasiƙar yayanki ba, kuma ba ki faɗi jihar da yake ba, alhali kowace jiha da nata ƙa'idojin. Don haka ki ɗauki maganata a matsayin ta wanda ya ga irin wannan wasiƙa sau da yawa.

Asalin tsarin

Inshorar rashin aiki a Amurka ta girmi korona nesa ba kusa ba. An kafa ta a dokar 1935, zamanin shugaba Roosevelt, bayan karayar tattalin arzikin da ta soma a 1929 ta jefa miliyoyin mutane zaman kashe wando. Yadda take shi ne, duk mai kamfani yana biyan wani haraji a kan kowane ma'aikacinsa, kaso mafi tsoka ya shiga asusun jiha, ɗan kaɗan ya tafi gwamnatin tarayya. Ranar da aka sallami ma'aikaci ba da laifinsa ba, sai ya nemi jiha ta riƙa ba shi wani abu duk mako kafin ya sami wani aikin. A yawancin jihohi iyakar abin mako 26 ne, kuma abin da ake bayarwa bai cika kai rabin albashin mutum ba. Akwai kuma ƙololuwar da ba a wucewa. A 2020, a Mississippi dala 235 ce a mako komai girman albashinka, a Filorida dala 275, a nan Niyok dala 504, a Massachusetts kuwa ta haura 800. Duk mako kuma sai mutum ya amsa tambayoyi: ka yi aiki a makon nan? Nawa ka samu? Kana da lafiyar aiki, kana nan kusa in an kira ka?

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan. Duk wata uku, mai kamfani yana aika wa jiha sunayen ma'aikatansa da abin da ya biya kowa. Saboda haka in mutum ya zo ya ce an sallame shi, jiha ba maganar bakinsa take bi ba, littafinta take buɗewa. Tsarin gaba ɗaya a kan wannan rajista yake tsaye. Direban tasi irin yayanki, mai hayar mota daga gareji ko mai tuƙa tasa, ba shi da ubangidan da ke biya masa harajin nan, kuma sunansa ba ya cikin littafin. Kafin korona, in kasuwa ta mutu masa, babu abin da wannan asusu zai ba shi.

Abin da ya canza a Maris 2020

Kafin annobar, mako mafi muni a tarihin tsarin shi ne wani mako a 1982 da mutum 695,000 suka nemi kuɗin. A makon ƙarshe na Maris 2020, fiye da mutum miliyan 6 ne suka nema. A watan Afrilu kaɗai ayyuka sama da miliyan 20 suka salwanta, rashin aiki ya kai kashi 14.7 cikin 100. Mu da muke unguwar Bronx ta Niyok a lokacin ba mu manta ba: titi fayau, ba ka jin komai dare da rana sai jiniyar motar asibiti.

Ranar 27 ga Maris shugaba Trump ya sa hannu a dokar da ake kira CARES, mai nauyin kusan dala tiriliyan 2.2. Ta yi abubuwa uku a kan inshorar nan. Ta ƙara dala 600 duk mako a kan abin da jiha ke bai wa mutum. Ta ƙara mako 13 ga wanda nasa ya ƙare. Sannan ta ƙirƙiro sabon shiri, wanda za ki ga an rubuta PUA a takardunsa, domin waɗanda ba su taɓa shiga littafin ba: masu zaman kansu, direbobi, masu aski, masu 'yan buga-buga. Ta wannan ƙofa ta uku ce nake kyautata zaton yayanki ya shiga. Kada kuma ki haɗa shi da cekin nan na dala 1,200 da aka raba wa kusan kowane mai biyan haraji, aka sake raba 600, aka kuma raba 1,400. Wancan daban ne, ba shi wasiƙar ke nufi ba.

Me ya sa dala 600 cif ga kowa, mai sharar ofis da injiniya? Labarin yana da ban dariya. 'Yan majalisa sun so ne a mayar wa kowa daidai albashin da ya rasa. Aka ce musu kwamfutocin jihohi ba za su iya wannan lissafi cikin gaggawa ba, domin da yawansu suna aiki ne da wani tsohon yaren kwamfuta mai suna COBOL da aka ƙirƙira tun wajen 1959. Gwamnan New Jersey har cigiya ya yi a bainar jama'a a watan Afrilun, yana neman waɗanda suka iya shi. To sai aka bi hanya mai sauƙi. Matsakaicin ma'aikaci yana samun kusan dala 1,000 a mako, matsakaicin abin da jihohi ke bayarwa bai kai 400 ba, sai aka cike giɓin da 600 aka ce a bai wa kowa.

Amma ba kowa ne matsakaici ba, kuma waɗanda annobar ta fi kora daga aiki su ne masu ƙaramin albashi: ma'aikatan gidajen abinci, da otal, da shaguna. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, wato dala 290 a mako ga mai yin awa 40. Ƙarin 600 ɗin shi kaɗai ya ninka wannan har da ɗoriya. Masana tattalin arziki a Jami'ar Shikago sun lissafa cewa fiye da biyu cikin uku na masu karɓa sun sami abin da ya fi albashinsu. Shi ma mai PUA, a nan Niyok mafi ƙarancin rabonsa dala 182 ne, in an ɗora 600 ya zama 782 a mako, ga shi ba ya sayen mai, ba ya biyan kuɗin hayar mota. Kin ga inda ƙarin da Inna ta gani ya fito.

Dala 600 ɗin ta tsaya a ƙarshen Yulin 2020. A Agusta aka ɗebo daga asusun agajin gaggawa aka ba da 300 na kimanin mako shida, daga nan shiru sai 27 ga Disamba da aka dawo da 300. Shugaba Biden ya tsawaita ta a dokar da ya sa wa hannu ranar 11 ga Maris 2021, komai ya ƙare ranar 6 ga Satumbar shekarar.

Ya sa mutane lalaci?

Tun kafin a zartar da dokar wasu sanatoci, cikinsu har da Lindsey Graham, suka ce in ka biya mutum fiye da albashinsa don ya zauna, ba zai koma aiki ba. A hankalce magana ce mai kama hankali, kuma ba zan ce ban ga irin haka ba. Na san waɗanda suka ja ƙafa. Amma a bazarar 2021 an sami damar gwadawa, domin kusan rabin jihohin, galibinsu masu gwamnonin jam'iyyar Republican, sun yanke ƙarin tun a Yuni da Yuli da nufin tura mutane aiki. Da aka kwatanta su da jihohin da suka bar shi zuwa Satumba, bambancin komawa aiki ya kasance ɗan kaɗan, abin da ya faɗi sosai shi ne cefanen gidajen da aka yanke wa.

Ni a ganina dalilin a fili yake. Mutum ya san kuɗin na 'yan watanni ne, aikin kuwa na shekaru. Sannan abin da ya zaunar da mutane ba kuɗin kaɗai ba ne. Makarantu a rufe, babu mai riƙe yara. Direban da ke kwana ɗaki ɗaya da mahaifiyarsa mai ciwon suga, ya ga an binne abokan aikinsa, ba dala 300 ce za ta yanke masa shawarar ɗaukar baƙo mai tari a bayan mota ba. Kuma a watannin farko, zaman gidan shi ne ainihin abin da gwamnati ke saye. Hukumar ƙidayar ƙasar ta ce kuɗin inshorar ya tsare mutum miliyan 5.5 daga faɗawa talauci a 2020. Inda nake ganin masu suka suna da gaskiya shi ne a 2021, lokacin da aka ci gaba da zuba kuɗi ta kowace kusurwa alhali kasuwa ta fara buɗewa. Har yau ana gardamar ko nawa ne rabon wannan a tsadar kayan da ta biyo baya.

Turawan Turai wata hanya suka bi. A Jamus da Birtaniya, maimakon a bari a sallami mutum sannan a biya shi, sai gwamnati ta riƙa biyan albashin ta hannun kamfani don kada a sallame shi. Birtaniya ta biya kashi 80 cikin 100, iyaka fam 2,500 a wata. Wannan ya fi tsabta, amma shi ma da rajistar albashi yake tafiya.

Mu fa a gida?

Mutane sukan ce ai su masu kuɗi ne. Gaskiya ne, Amurka tana cin bashi da kuɗinta na kanta, duniya kuma tana rububin ba ta. Najeriya a 2020 farashin mai ya faɗi warwas a daidai lokacin da ake buƙatar kuɗin. Amma ko da an sami kuɗin, ta wane littafi za a raba? Ƙididdigar hukuma ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su da takardar albashi. Ɗan dako a Singa, mai shayi, mai adaidaita, mai kitso a cikin gida, babu inda aka rubuta nawa suke samu a mako, balle a san nawa suka rasa. Wato abin da ya zama ƙaramin ɓangare a Amurka, irin su yayanki, shi ne kusan kowa a wurinmu.

Najeriya ba ta da inshorar rashin aiki irin wannan. Abin da ya fi kusa shi ne dokar fansho ta 2014, wadda ta ba wanda ya rasa aiki damar cirar kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa in ya yi wata huɗu bai sami wani ba, kuma wannan kuɗinsa ne na tsufa yake ci tun da sauran ƙarfi. Abin da aka yi lokacin korona faci ne: naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi, asusun ceto ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75 da ya biya wasu ma'aikata albashin wata uku, sai kayan abinci, waɗanda muka ga yadda aka fasa rumbunansu a Oktoban 2020. Akwai kuma rancen Babban Banki da aka bayar ta bankin NIRSAL. Abin lura, wannan shi ne bashi na gaske, jama'a da yawa suka ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, sai daga baya suka ga ana cire kuɗi daga asusunsu ta lambar BVN. Ina jin daga nan ne tsoronku ya samo asali, amma na yayanki ba irinsa ba ne.

Ba wai ƙasar Afirka ba za ta iya ba. Afirka ta Kudu tana da asusun da ma'aikaci ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsa, mai kamfani ya zuba 1, kuma da shi ta biya ma'aikata lokacin kulle, ta kuma ƙirƙiro rand 350 a wata ga marasa komai. Sun iya ne saboda asusun yana nan tun kafin annobar. Ba a fafe gora ranar tafiya. In da ni za a tambaya, da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa zan fara, tunda su dama suna karɓar kuɗin ƙungiya kullum kuma sun san 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Sai dai samun amanar da za a danƙa wa irin wannan asusu wani aikin ne daban.

Daga ina wasiƙar ta fito

Tunda masu PUA ba sa cikin littafi, kuma ana gudun yunwa ta riga bincike isa gida, dokar farko ta yarda a biya mutum bisa maganar bakinsa. Ka ce korona ta hana ka sana'a, a fara biyanka. Wannan ya ceci miliyoyin mutanen kirki, ya kuma buɗe wa ɓarayi ƙofar da ba su taɓa mafarkinta ba. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar ya ƙiyasta a 2023 cewa tsakanin dala biliyan 100 zuwa 135 ne suka tafi ta hanyar zamba, cikin kusan biliyan 900 da aka biya. A Kalifoniya an biya kuɗi da sunayen fursunoni. Jihar Washinton ta yi asarar kimanin dala miliyan 650 cikin 'yan makonni, kuma a nan sunan Najeriya ya fito, har aka kama hadimin wani gwamnan Najeriya a filin jirgin Niyok a Mayun 2021, aka ɗaure shi shekara biyar. Mu da muke nan mun sha kunya.

Da kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Dokar Disambar 2020 ta ce duk mai ci gaba da karɓar PUA sai ya kawo shaidar cewa yana da sana'a kafin annobar, tsofaffin masu karɓa an ba su kwana 90. Daga nan jihohi suka shiga bin tsofaffin fayiloli ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ɗauke su shekaru. Shi ya sa wasiƙa ke zuwa bayan mutum ya manta.

Cikin waɗanda suka zo hannuna, dalilin da ya fi yawa shi ne wannan shaidar. An aiko da saƙo cikin asusun mutum na intanet, shi kuma bai buɗe ba, ko ya ƙaura wasiƙa ta tafi tsohon gida, kwana 90 suka wuce. Sai kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin wanda bai cancanta ba. Irin wannan ya fi sauƙin gyara, domin mutumin direba ne na gaske kuma yana da abin nunawa.

Na biyu shi ne lissafin samu. Rabon mai zaman kansa ana auna shi ne da ribarsa bayan an cire mai, da hayar mota, da inshora, da gyara, ba da jimillar abin da fasinjoji suka biya ba. Direban da ya tara dala dubu sittin a shekara, wataƙila ribar da ya nuna wa hukumar haraji ba ta kai dubu ashirin ba. In an sa babban adadin, za a ba shi ƙololuwa alhali rabonsa ƙarami ne, bambancin kuma ya taru mako bayan mako. A nan ni ma ba zan wanke kaina ba. A makonnin farko, da fom ɗin bai fayyace ba, na sa wa wani dattijo jimillar maimakon ribar. Da wasiƙarsa ta zo, na rubuta da hannuna cewa kuskuren nawa ne, muka haɗa da takardunsa. An yafe masa, amma na yi kwanaki ban yi barcin kirki ba.

Sauran dalilan sun fi nauyi. Akwai wanda ya koma fita kwana biyu ko uku a mako yana amsa cewa bai yi aiki ba, ya manta cewa kamfani irin Uber yana da lissafin kowace tafiya. Akwai wanda ya taho gida ganin iyaye, ya bar wa ƙaninsa lambar sirri yana danna masa duk Lahadi, alhali sharaɗi ne mutum ya kasance yana nan. Akwai kuma wanda bai ci ba bai sha ba, ɓarawo ne ya yi amfani da sunansa. In adadin da ke cikin wasiƙar ya fi abin da ya shiga asusun yayanki, to a fara duba wannan.

Abin da ya kamata ya yi

Da farko ya tabbatar wasiƙar ta gaske ce, domin 'yan damfara ma sun shiga wannan kasuwa. Ya shiga asusunsa a shafin ma'aikatar ƙwadago ta jiharsa ya ga ko bashin yana can. Hukuma ba ta karɓar biya da katin kyauta na shago, ba ta kuma kiran mutum tana cewa ya biya yau ko a kama shi.

In ta gaske ce, ya nemi abu uku a cikinta: dalilin da suka bayar, ko sun ce kuskure ne ko da gangan, da kuma ranar ƙarshe ta ƙalubalantar hukuncin. Wa'adin gajere ne ƙwarai, a wasu jihohin kwana 10, a nan Niyok kwana 30. Babban abin da ke kayar da mutanenmu shi ne ajiye wasiƙa a ƙarƙashin katifa ana addu'ar Allah Ya sa su manta. Kwamfuta ba ta mantuwa. A yi addu'ar, a kuma aika takardar. Ko wa'adin ya wuce, ya aika ya faɗi dalilin jinkirin, musamman in wasiƙar ba ta iso shi a kan lokaci ba.

Hanyoyi biyu ne, kuma ana iya bin su tare. Ta ɗaya ita ce ya ce bai yarda ba, a saurare shi. Galibi ta waya ake yi, a gaban alƙalin hukumar, babu kuɗin shigar da ƙara, kuma yana iya neman tafinta kyauta. Ya tanadi takardar harajinsa ta 2019, lasisin tuƙin tasi, rasitan gareji, bayanan banki, da fasfonsa in maganar tafiya ce. Ta biyu ita ce neman yafiya. Doka ta ba jihohi damar yafe kuɗin shirye-shiryen korona in abu biyu sun haɗu: kuskuren ba laifin mutumin ba ne, kuma tilasta masa biya zai zama rashin adalci, misali zai hana shi biyan haya ko ciyar da iyali. A Fabrairun 2022 ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ta ƙara ba jihohi izinin yafewa a dunƙule a wasu nau'o'in kuskuren da hukuma ce ta yi su. A fom ɗin yafiya ana tambayar kuɗin shiga da na fita, to ya rubuta gaskiya, har da abin da yake turo wa Inna, ya haɗa da rasitan turawar.

In kuwa wasiƙar ta ce da gangan ya yi, labari ya sha bamban. Babu yafiya a wannan, akwai tarar da ba ta gaza kashi 15 cikin 100 ba, kuma a nan ne iyakar sanina take. Kada ya sa hannu a kan wata takardar amsa laifi, kada kuma ya yi dogon bayani ta waya, sai ya ga lauya. Akwai ofisoshin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta a kusan kowane babban birni. In bai riga ya zama ɗan ƙasa ba, ya gaya wa lauyan tun a zaman farko. Karɓar kuɗin inshorar bisa ƙa'ida ba ya ɓata wa mutum takardun zama, amma tabon zamba yana iya taɓa su.

In duk an bi an ƙare kuma kuɗin ya tabbata a kansa, ba a ce ya kawo su rana ɗaya ba. Ana yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan duk wata gwargwadon ƙarfi. Wanda ya yi shiru ne ake riƙe wa rarar harajinsa ta ƙarshen shekara, a zaftare daga duk wani kuɗin inshora da zai nema nan gaba, a wasu jihohin ma a kai ga albashi.

Ku kuma a gida, kada a yi gaggawar sayar da fili ko dabba don a tura masa. Na ga wasiƙun da suka zo da dubban daloli suka ƙare a babu bayan an kai takarda guda. Ki kira shi yau, ki ce ya karanta miki kwanan watan da ke saman wasiƙar da layin da ya faɗi dalili. In ya ce miki zai duba daga baya, ki haɗa shi da Inna.